Wasiƙar da Ta Riga Ni Zuwa Ta'aziyya

Yanzu na zo kan shekarar da aka haifi Ummi, kuma ina so ku karanta wannan babin a natse, domin a kansa ne kuka fi yin gardama. Na ji wasunku suna cewa Rabi ce ta ceci sana'ar gidan nan da waya, ni kuwa ina gefe ina faɗa. Na ji wasu suna cewa yayanku Magaji ya so ya sayar da injin ne don kwaɗayi. Duk biyun ba haka ba ne. Ni na ga abin da idona, kuma zan jera muku shi yadda ya faru, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe.

Sana'ar gidanmu man gyaɗa ne da ƙuli-ƙuli. A hannun mahaifiyata na koya, kuma da turmi na fara, kafin babanku, Allah ya jiƙansa, ya sayo mana injin markaɗe ya kafa shi a rumfar da ke bayan zaure. Aikin yana da tsari, kuma ban taɓa yarda a tsallake mataki ba. A ɓare gyaɗa, a tsince ruɓaɓɓiya, a soya, a murje, a fece ɓawon, a kai inji. In an dawo da ita sai a juya ana yayyafa ruwan zafi har man ya taso, a kwashe, a tace. Abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ake murzawa a toya ƙuli-ƙuli. Matan unguwarmu da yawa a wannan rumfar suke samun na sabulu da na makarantar yara, kuma babbarsu ita ce Delu, wadda muka taso tare, ita kaɗai ce a garin nan take iya gaya mini magana son ranta.

Bayan rasuwar babanku kasuwa ta ja baya. Shi ne mai fita, shi ya san mutane. Ni na san mai, ban san hanya ba. Dillalan da ke zuwa ranar kasuwar Bagwai suka gane haka, sai su taya yadda suka ga dama, in na ƙi su juya baya su ce ai ga man kamfani cike da shaguna. Mutum ɗaya ne bai canza mana ba, Alhaji Mamman, aminin babanku, ɗan garin nan da ya koma Kaduna tun yana saurayi ya buɗe shagunan kayan masarufi. Kusan rabin abin da muke matsa shi ke ɗauka. In ba don shi ba da tuni injin ya yi tsatsa.

Da ƙaramar Sallah ta wannan shekarar Magaji ya zo daga Kano da iyalinsa. Bayan an ci abinci ya same ni a ɗaki ya zauna a bakin ƙofa, yadda yake yi in yana da magana mai nauyi.

"Inna, wahalar nan ta isa. Hayaƙi ya cinye miki ido, ribar kuma babu. Akwai mai son injin a Bici. A sayar, ki dawo wajena ki huta."

"In na huta, su Delu su ci me?"

"Inna, ba ke kika haife su ba."

"Kai ma ba Delu ce ta haife ka ba, amma a bayanta ka yi wayo."

Ina so ku sani ba kuɗin inji yake nema ba. Tsoro yake ji kada wata rana a kira shi a ce na faɗi a bakin murhu. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan magana ɗaya: a ba ni zuwa ƙarshen kaka. In an gama gyaɗar bana masu saye ba su ƙaru ba, a kwance injin, in tattara kayana in bi shi birni. Ni na faɗa da bakina, kuma duk kun san ba na mayar da magana.

Rabi tana nan tana jinmu. Lokacin tana aure a Bici, tana koyarwa a firamare, da ƙaramin ciki na fari. Da yayanta ya fita sai ta matso.

"Inna, mutanen garin nan da ke Abuja da Legas da Fatakwal, duk Sallah sai sun cika but ɗin motocinsu da manki. Tsakanin Sallah da Sallah wa yake tuna musu da ke?"

"Wa kuwa? Ba ni da ƙafar zuwa."

"To mu riƙa rubuta musu wasiƙa ta imel. Wasiƙa ɗaya, ta je wa kowa a lokaci guda, kowa da tasa."

Magaji da ya dawo ya ji, dariya ya yi.

"Imel? Wa yake buɗe imel a zamanin nan, Malama? Ki buɗe mata zaure a Wasap mana."

"Mun gwada a makarantarmu, Yaya. Kafin sati ya zagayo an cika shi da siyasa da hoton maganin basir. Mutanen da nake nufi ma'aikatan ofis ne da masu shaguna, imel suke fara dubawa da safe. Kuma shi ba mai tsoma baki, daga Inna sai mai karantawa."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta shige ni. Ba na son hayaniya. Karatuna bai wuce aji huɗu ba da ɗan abin da na ƙara a makarantar manya, amma na san wasiƙa, don ni nake rubuta wa matan unguwa tasu tun kafin waya ta zo. Na ce na yarda, bisa sharaɗi uku. Na ɗaya, ba za a sa sunan kowa ba sai an tambaye shi ya amince, domin ba a faɗa wa mutum gida ba sallama. Na biyu, ranar Juma'a da hantsi za ta riƙa fita, ba Alhamis ba, ba Asabar ba. Na uku, kowa a kira sunansa a gaishe shi yadda zan gaishe shi in ya shigo zaurena. Rabi ta ce na ukun ma mai sauƙi ne, na'urar tana iya ɗora sunan kowa a kan tasa. Na ce to, a rubuta sunan, a bi shi da "Allah ya ja da ranka, ya ƙara lafiya," mace kuma a juya mata yadda ya dace.

Haka muka fara da saukar ruwan shuka. Rabi ta bi baƙin Sallah tana karɓar adireshinsu, ta bi malaman makarantarsu, ta kira Alhaji Mamman shi ma ya ba da nasa yana tsokana wai yanzu ni, Saude, na zama 'yar jarida. Duk Alhamis bayan an tashi makaranta sai ta hau mota ta zo. In zauna a tabarma ina faɗa, tana bugawa a 'yar kwamfutarta. Washegari ta hau tudun bayan makabarta, inda sabis ɗin intanet yake kamawa, ta tura. Da farko na ɗauka farashi kawai za a rubuta. Rabi ta ce a'a, mutum ba ya buɗe wasiƙa don ya ga farashi, in faɗi abin da zan faɗa wa baƙo. Sai na riƙa ba su labarin gida bi da bi: an yi ruwa ko ba a yi ba, gero ya kai ina, an gyara rijiyar masallaci, tsamiyar bakin kasuwa ta karye a iska. Daga nan in faɗi abu ɗaya na sanin mai, kamar yadda ake gane wanda aka haɗa da wani abu, ko dalilin da ya sa ba a ajiye shi a rana. Kaya da farashi su zo a ƙarshe.

Delu ba ta bar ni na huta ba.

"Hajiya mai gidan rediyo! Yau me za a gaya wa duniya? Ki ce musu akuyar Delu ta haifi biyu."

"Zan ce musu Delu ta ƙona gyaɗa tana surutu."

"Ki faɗa mana, ai sai su san da hannu ake yi."

Damina ta yi nisa, abin bai motsa sosai ba. Mutum ɗaya ya aiko a saka masa jarka a mota zuwa Abuja, wata malama ta sayi ƙuli-ƙuli na biki, shi ke nan. Yawancinsu shiru. Rabi ta ce ana buɗewa, tana gani, in yi haƙuri. Ni kuwa ina kallon gyaɗa tana nuna a gona ina lissafin cewa in aka tuge ta, wa'adina ya kusa.

Da cikin Rabi ya tsufa, mijinta ya kawo ta gida goyon ciki kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Hawan tudu ya fara yi mata wuya. Wata Alhamis ta ce mu rubuta wasiƙun makonnin da za ta yi tana jego gaba ɗaya, tunda lokacin sabon mai ne, ba a so a yi shiru. Muka zauna muka rubuta, ta lallaɓa ta hau tudun, ta dawo tana haki.

"Shi ke nan, Inna, na ajiye su. Kowace da ranarta."

A nan ne abin ya karkace, kuma ina so ku lura da kyau. Da ta ce ta ajiye, ni abin da na gane shi ne irin ajiyar hatsi a rumbu: yana nan har sai mai shi ya zo ya buɗe ya ɗiba. Ban san akwai ajiyar da ke buɗe kanta ta kama hanya ba. Ita kuma ta ɗauka na gane. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi sakaci.

Ranar Talata Rabi ta haihu. Ta sha wuya, ta zubar da jini da yawa, sai da aka kwana da ita a asibiti kafin a sallamo mu. Ranar Laraba, muna dawowa gida, aka kira Magaji aka ce Alhaji Mamman ya rasu. Ya jima yana fama da ciwon suga, amma ba mu zaci abin ya kai haka ba. Na yi salati, na shiga bayan rumfa na yi kukana. Sannan na tara matan gida na ce kada wanda ya gaya wa Rabi. Alhaji Mamman shi ya yi mata walicci bayan babanta, Baba take ce masa, kuma ba a kai wa mai ɗanyen jego labarin mutuwa tana wannan hali. Aka karɓe wayarta aka ce ta huta. Na tura Magaji Kaduna ya wakilce mu, ni kuma na ce sai an yi suna zan je.

To kun gani. Wadda ta san wasiƙa za ta fita ba ta san an yi mutuwa ba. Wadda ta san an yi mutuwa ba ta san wasiƙa za ta fita ba.

Ranar Juma'a da hantsi ina tsaye a kan tukunyar ruwan wankan jego sai ga kiran Magaji. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Inna, me kuka aiko?"

"Me muka aiko ina?"

"Muna zaune a ƙofar gida ana sadakar uku. Wayar Alhaji tana hannun Nasiru yana amsa masu gaisuwa. Sai ga saƙonku ya shigo. Ya karanta, ya miƙo mini a gaban mutane. In karanta miki?"

"Karanta."

"Alhaji Mamman, Allah ya ja da ranka, ya ƙara lafiya. Sabon mai ya fito, kada ka bari a riga ka."

Ludayin da ke hannuna ya faɗa cikin tukunya. Nasiru shi ne babban ɗan marigayi, kuma shi zai riƙe shagunan. Amma wallahi a wannan lokacin ba shaguna ne a raina ba. Abin da na gani shi ne ni, Saude, matar amininsa, ban taka ƙafata na je na ce "ya haƙuri" ba, amma tallata ta isa gidan, tana yi wa mamaci addu'ar tsawon rai.

"Na gaya muku," in ji Magaji. "Inna, na gaya muku."

Na shiga ɗakin Rabi, na zauna a bakin gado, na gaya mata rasuwar da kaina, tunda ɓoyewar ba ta da sauran amfani. Ta yi kuka har jaririyar ta farka. Da na gaya mata maganar wasiƙa sai ta dafe kai.

"Inna, ai na ce miki kowace da ranarta!"

"Kin faɗa. Ni ce ban san ranar tana zuwa ta ɗauka da kanta ba. Yanzu ba lokacin wannan ba ne. Sauran da kika ajiye, ana iya tsayar da su?"

"Ana iyawa, amma sai an hau tudu."

Mijinta ya zo da la'asar, ta nuna masa abin da zai taɓa, ya hau ya tsayar. Ni kuma na damƙa wa Delu mai jego da tukunyar wanka, na ce gobe zan tafi Kaduna.

"Ki bar suna a gaba ki kama hanya?" in ji Delu.

"Zan dawo kafin suna. Wannan ba ta jira."

"To ki tafi. In sun kore ki, ki ce ni na rubuta, ai an san ba ni da hankali."

Na isa bayan azahar. Na wuce maza a ƙofar gida, na shiga ciki, na sami Hajiya Kulu, matar marigayi, a kan tabarma cikin mata, ta lulluɓa, carbi a hannu. Na durƙusa na yi mata gaisuwa yadda ake yi, na yi wa mamaci addu'a, aka shafa. Ban kawo maganar wasiƙa ba, domin gaisuwa ce farko. Sai da mata suka ragu na matsa kusa da ita.

"Hajiya, na zo da gaisuwa, na kuma zo da ban haƙuri. Abin da ya shigo jiya daga gidana ya fito. Ba zan ce na'ura ce ba, domin maganata ce a ciki."

Ta ɗago ta dube ni. Idonta ya kumbura, amma sai na ga bakinta yana motsi.

"Saude, tun ranar Laraba ban yi dariya ba sai jiya. Da yara suka shigo suna ta faɗa, na ce a karanta mini. Da aka zo wajen 'kada ka bari a riga ka' sai na ce, oh, Saude ko a kabari ba za ta ƙyale bawan Allah nan da man gyaɗarta ba."

Ta kama hannuna.

"Kin san tun da ciwon ya kwantar da shi ba ya iya zuwa gida. Duk Juma'a kafin a tafi masallaci sai ya ce a duba ko ta Saude ta zo, mu ji ko an yi ruwa. Ranar da kika ce tsamiyar kasuwa ta karye, yini ya yi yana ba mu labarin yadda shi da marigayi mijinki suke hawanta. Ni ban riƙe ki ba. Amma Nasiru yaro ne, kuma a gaban mutane abin ya same shi. Ki neme shi."

Wata mata da ke gefe, da ta ji zancen, ta ce ita ma a sa ta a cikin masu samun wasiƙar, ga adireshin ɗanta. Na ce mata ta yi haƙuri, ban zo talla ba, in Allah ya haɗa mu a wani wuri sai ta ba ni.

Na aika aka kira Nasiru zuwa soro. Ya zo ya durƙusa, ya gaishe ni da ladabi, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Ba komai, Inna, ya wuce." Amma bai dube ni ba, kuma na san irin wannan ba komai ɗin. Daga ranar shagunan Kaduna ba su sake ɗaukar ko kwalba ɗaya daga gare mu ba. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba, kuma ban yarda wani cikinku ya riƙe shi da wannan ba.

A mota muna dawowa da Magaji ya ce, "To Inna, rabin kasuwarki ya tafi. Sai a rufe wannan abin haka, kafin ya sake jawo mana wani."

"Ba za a rufe ba. Amma har a yi arba'in ba za a ambaci mai a ciki ba."

"A tsakiyar kaka? Lokacin da kowa yake neman sabon mai? Inna, wa'adin da kika ɗauka fa?"

"Ina sane da shi. Da bakin da na yi tallar da shi zan yi zaman makokin."

Aka yi suna, aka sa wa yarinya sunan mahaifiyata, muke kiranta Ummi. Alhamis ta zagayo na zauna kusa da Rabi, tana shayarwa da hannu ɗaya tana bugawa da ɗaya. Na faɗi rasuwar Alhaji Mamman, ɗan wane, jikan wane, na gidan da ke gabas da masallaci. Na faɗi alherin da ya yi wa gidanmu. Na faɗi abin da ya faru ranar sadakar uku ba tare da na rage komai ba, na nemi afuwar iyalinsa a gaban duk mai karantawa. Na ce daga yau zuwa arba'in za su ji labarin gida, amma ba za su ga kaya ko farashi ba. Rabi ta tambaye ni ko na tabbata ina son mutane su san kuskuren. Na ce waɗanda ke ƙofar gidan sun riga sun sani, gara sauran su ji daga bakina.

Waɗannan makonni sun yi mini tsawo. Mai ya taru a jarkoki har ba wurin taka ƙafa a ɗakin ajiya. Ƙuli-ƙuli ba ya jira, dole na kai wa dillalan Bagwai suka saya yadda suka so, suna murmushi. Na rage kwanakin aiki, kuma ni na tsaya a rumfa na gaya wa matan da bakina. Har na fara ware kayan da zan tafi da su birni da waɗanda zan rabar. Delu ta same ni ina naɗe tabarmi ta ce in na kuskura na ba ta tsohuwar tukunyata ta tuya, a kaina za ta kifa ta.

Amma wani abu yana faruwa a tudu wanda ban zata ba. Mijin Rabi in ya hau ya sauko sai ya zo da amsoshi. Mutanen da tun damina ba su ce uffan ba suka fara rubutowa. Wani daga Fatakwal ya ce shi da Alhaji Mamman allo ɗaya suka yi, kuma ba don wasiƙar ba da bai ji rasuwar ba sai an yi shekara. Wata daga Legas ta ce ta tura wa ƙannenta, suna so a sa su, don su ma su riƙa jin wanda ya rasu da wanda ya haihu. Wani ya roƙa in gaya masa ko gidan kakansa yana tsaye. Na aika aka duba, na ba shi amsa: katangar yamma ta zube, sauran yana nan. Kowa ya rubuto sai na amsa masa da sunansa, domin sallama ba ta zama ba amsa. Sunaye suka yi ta ƙaruwa, kuma kowane sai da mai shi ya nema da kansa.

Juma'ar da ta biyo bayan arba'in na ce a rubuta a ƙasa, gajere: akwai mai, akwai ƙuli-ƙuli, ga farashi. Kafin wata Juma'ar ɗakin ajiya ya zama fili. Direban da ke zuwa Kano ya gaji da mu, yana cewa motarsa ta koma warin ƙuli-ƙuli. Babu mai ɗaukar da yawa kamar Alhaji Mamman, wannan jarka ɗaya, wancan biyu, amma ba su yankewa, kuma ba wanda in ya juya baya gidan zai girgiza. Na aika aka kira matan da na rage wa kwanakin aiki. Ranar da injin ya yini yana kuka tun safe har la'asar, na shiga ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Magaji ya zo da aka gama shigar da amfanin gona. Na ga ya sauko da wani abu a leda, ya wuce rumfa bai shigo ya gaishe ni ba, abin da bai taɓa yi ba. Na ce a raina ko mai sayen injin ya taho da shi. Na bi shi. Na same shi a tsugune ya naɗe hannun riga, yana cire tsohon bel ɗin injin yana sa sabo.

"Wannan ya tsufa, Inna. Zai iya tsinkewa ya ji wa wani."

"Haka ne."

"Kuma a sa ni a cikin wasiƙar. Matata ce take karanta mini a wayar maƙwabciyarta, abin kunya."

Delu ta leƙo daga bayan murhu. "A tambaye shi tukuna ko ya amince, Hajiya. Doka ce!"

Tun daga wannan shekarar na ƙara sharaɗi na huɗu, kuma shi ne ya fi sauran. Ba a ajiye wasiƙa ta kwana biyu tana jiran ranarta. Duk Alhamis, kafin a tura, sai an karanto mini sunayen ɗaya bayan ɗaya, ina tsayar da mai karatu in na ji inda aka yi rashi ko ake jinya. Gidan da ke makoki ba ya samun talla daga gare ni sai ƙafata ko muryata ta riga zuwa. Yanzu sunayen sun yi yawa, karatun yana cin yamma guda, jikoki suna ƙorafi. Su yi ta yi. Hajiya Kulu kuwa, da ta fita takaba, ita da kanta ta aiko da adireshinta, kuma har yau ita ce ke fara amsawa.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce dalilin da ya sa na tsawaita wannan babin. Wasiƙar nan da sunana take fita, kowace tana farawa da "Ni ce Saude nake gaishe ku." Na tsufa, kuma ranata tana nan tafe kamar ta kowa. Ranar da ta zo, ga tsarin da nake so, kada a sauya shi. Na farko, a rufe mini ido a yi salati. Na biyu, kafin a aika neman likkafani, wani mai ƙafa ya hau tudu ya duba kada akwai wadda ke jiran Juma'a. Ba na so a ce ina kwance a bayan tudun nan, ina kuma gaya wa mutanen Legas sabon mai ya fito.